Haƙorin Usaid da Ƙadangaren Goggo

"Lafiya lau, Raihana. Ina angon nawa? Ko don bai yi cefane ba ya ɓuya?"

Goggo ce ta yi sammako daga Palladan zuwa Samaru duba jikanta Usaid, ɗan shekara shida, wanda kuncinsa ya kwana uku a kumbure. Likitan haƙori a Sabon Gari ya ce haƙorin ya ruɓe, sai an cire. Jiya yaro ya datse baki a kan kujera har likita ya gaji, aka ce su dawo yau ƙarfe sha ɗaya. Hankalin Raihana, mahaifiyar yaron, a tashe yake, don an gaya mata kumburin na iya yaɗuwa. Sai dai ɗan fari ne, ba ta iya nuna damuwarta a gaban surukarta.

"Yaron nan dai ya ƙi, Goggo," ta ce, idonta a ƙasa.

Usaid ya fito daga bayan labule.

"Maigida, wannan kunci fa? Dambu ka ɓoye don kada in ci?"

"Ko na ba ki, da me za ki tauna?"

"Ji mara kunya. Ni da samarin Chikaji suka yi layi a kan murmushina."

"Yanzu ina layin?"

"Na kore su saboda kai, ashe rago na zaɓa. Allura ɗaya ta hana ka buɗe baki."

"Ni ba allura nake tsoro ba. Akwai ƙadangaru a katangar asibitin, guda huɗu, na ƙirga. Ke kika ce in ƙadangare ya ga giɓin mutum haƙori ba ya sake fitowa. Kika ce haka aka yi miki."

Raihana ta ɗago kai. Tun jiya tana lallashinsa da alewar da ita ta jawo ciwon, ashe daga bakin Goggo matsalar ta fito.

Goggo ta yi gyaran murya. "Nawa ƙadangaren na musamman ne, daga Kano ya zo."

"To ƙannensa ne a asibitin."

"Kai famfara za ka yi, sabo na nan tafe. Ƙadangare bai taɓa hana haƙorin kowa fitowa ba. Nawa goro da rake suka ci, ni kuma na ƙi zuwa asibiti."

"Don me?"

"Don ba ni da lokaci."

"Tsoro dai." Ya matso ya shinshina. "Goggo, ƙanshin kanumfari kike yi. Mama ma shi ta sa mini. Naki ma ciwo yake?"

"Turarena ke nan."

"A cikin baki?"

Goggo ta dubi Raihana ko za ta kawo mata ɗauki, Raihana ta dubi agogo. Gaskiyar magana, wata biyu ke nan haƙorin Goggo na can ƙurya yana hana ta sakat, ba wanda ta gaya wa.

"In kin hau kujerar, zan hau," in ji Usaid. "Mata ake fara dubawa."

Goggo ta yi dariya har ta dafe kunci.

"Ka ci ni, ɗan nema. Raihana, tsayar mana da keke. Amma in na yi kuka, kada wanda ya kai labarin Palladan."