Rasuwar Agogon Kawu a Ƙarƙashin Tayar Oga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun hagu wanda ba komai a kansa, Muktar Ɗangoggo, maigadi a wani gida a Maitama, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar agogonsa na hannu. Ya rasu ranar Laraba da safe, ƙarfe bakwai da minti ashirin. Babu jayayya kan lokacin, domin a nan marigayin da kansa ya tsaya.

Jayayyar da ake yi ita ce wa ya kashe shi. Zacharias, direban gidan, ya ce shi tuƙi kawai ya yi. Muktar ya ce ai tuƙin ne ya yi kisan, kuma shawarar tsinke ma daga bakinsa ta fito. Zacharias ya ce, "Maigadi, na ce ka sa tsinke, ban ce ka sara wa Oga kamar soja ba." Tun ranar ba su ci abinci a kwano ɗaya ba.

Marigayin ya zo hannun Muktar shekara shida da suka wuce, ranar da ya gama sakandare a Abaji. Kawunsa ne ya kwance shi daga nasa hannun, ya ɗaura masa a gaban mutane. Kawu bai sake sayen wani ba. Duk inda suka haɗu, kafin a gama gaisawa zai ce, "Muktar, ƙarfe nawa agogona ya ce?" Ba lokaci yake nema ba, akwai waya a aljihunsa. Hannun yake so ya gani.

An shaidi marigayi da haƙuri da rashin surutu. Bai taɓa neman caji ba. A ɗauke wuta ko a kawo, shi bai dame shi ba. Maganarsa ɗaya ce, tik, tik, tik, ita ma sai ka kai kunne. Aibinsa kawai gaggawa: kullum yana gaba da minti biyar, kuma saboda wannan aibin Oga bai taɓa yin hon sau biyu a bakin get ba.

Ciwon ajali ya fara ne daga maɗauri. Na fata ne. Sau biyar a rana Muktar yana alwala, sau biyar yana motsa agogon ruwa ya shiga ƙarƙashi, maimakon ya cire shi. Fata ta sha ruwa ta ƙoshi, ta tsattsage, ta fara wari. Ranar da Madam ta miƙo masa saƙo ta tagar mota tana toshe hanci, ya yanke shawarar tiyata.

Ya sayi sarƙar ƙarfe a hannun mai talla a cikin cunkoson motoci. Bai auna faɗi ba. Ranar Litinin ya zauna a bencin get, da 'yar wuƙar abin yanke farce, ba shimfiɗa, ba komai a ƙasa sai siminti. Fil biyu ne masu sifirin ke riƙe maɗaurin agogo, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na farko ya fito lafiya. Na biyu ya ce fit, ya faɗa cikin furannin Oga. An neme shi har la'asar, ba a gan shi ba. Sarƙar kuma ta fi gurbinta faɗi, sai Muktar ya goga ta a siminti har ta yarda ta shiga. A nan ne Zacharias ya cire tsinken sakace daga bakinsa, ya ce, "Sa wannan. Fil ai fil ne."

Tsinke ya riƙe amana kwana biyu. Ranar Laraba jif ɗin Oga zai fita, Muktar ya buɗe get, ya ƙame, ya sara. Da hagu ya sara, don Oga ya ga sabuwar sarƙa. Tsinke ya karye. Marigayin ya tashi sama, ya juya sau biyu a iska, ya sauka daidai gaban tayar baya. Kalmarsa ta ƙarshe: ƙaras.

An garzaya da shi kasuwar Wuse, wurin Abednego mai gyaran agogo. Ya sa gilashi a ido, ya duba, ya cire gilashin a hankali. Ya ce, "Abokina, ka yi haƙuri, ya tafi. Da ka shimfiɗa tsumma, ka kifa shi, ka danne fil da babban yatsa kafin ka taɓe shi. In ka mayar, sai ka ji ya ce ƙyat, ka ja ka tabbatar. Minti biyu ne a nan teburin. Wane ne ya ce ka sa ice?" Sunan Zacharias ya zo bakin Muktar, ya haɗiye.

Marigayin ya rasu ya bar tsohon maɗauri mai wari, da sarƙa mai gogaggen baki, da fil ɗaya maraya, da ɗan'uwansa da har yau ba a san inda yake ba. Ya bar kuma wani farin zobe a fatar hannun Muktar, inda rana ba ta taɓa ba shekara shida. Sabulu ya kasa fitar da shi.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar, a cikin gwangwanin kifi, a gindin furannin da suka haɗiye fil. Za a karɓi gaisuwa a bencin get. Zacharias zai iya zuwa, amma a ƙafa. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya tambayi lokaci.

Da Lahadi aka so a yi, aka dawo da shi Juma'a saboda Kawu ya bugo waya: ranar Asabar zai shigo daga Abaji, zai biyo ta Maitama su gaisa. Muktar ya goge riga mai dogon hannu, ya gwada ta, ya ɓalle maɓallin wuyan hannu. Ta rufe farin zoben tsaf.

To amma idan Kawu ya zauna a bencin nan, ya sha ruwa, ya ce, "Muktar, ƙarfe nawa agogona ya ce?", wa zai amsa?