Falon Da Aka Yi Kisa A Cikinsa

Akwai wasu mutane a garin nan da ko hoton fasfo ba su taɓa ɗauka daidai ba, amma in ka yi fim sai su zaro biro su yi maka fata-fata a jarida. Sun san kansu.

Irinsu ne ya faɗa wa Lawwali darakta. Bawan Allah ya sayar da babur ɗinsa ya shirya fim na 'yan daba da ɗan sandan ciki mai cin hanci, kyamara ɗaya, fitila ɗaya, gida na aro, jini na tumatirin gwangwani. Fim ya fito baƙi ƙirin, sai inuwa da hayaƙi. Ranar nuna shi ga 'yan jarida, mai wani gidan talabijin na zaune a gaba. In ta saya Lawwali ya farfaɗo, in ta ƙi ya ci gaba da tafiya a ƙasa.

Ana kunna fitilu sai Dakta Gambo, mai sharhin fina-finai, ya karɓe makirufo.

"Yaro, abu biyu. Na farko duhu, mun zo kallo ko laluben allura? Na biyu, falon da aka yi kisan nan. Haba! Kujera ta fashe, labule kamar tsumman goge mota, silin na zuba. Wane ɗan Adam ne zai zauna a wannan kufai? Ƙarya ma ai tana da iyaka."

Mutane suka kwashe da dariya. Lawwali ya hango mai gidan talabijin ta fara rataya jaka.

"Ranka ya daɗe, mu fa ba mu taɓa komai a falon ba. Shara kawai muka yi."

"To a wace bola kuka samo shi?"

Lawwali ya gyara hula.

"Falonka ne, Dakta. Kana Zariya wajen taro matarka Hajiya Ladidi ta ara mana. Duhun ma don mu rufa maka asiri muka sa. In kuma ƙarya nake, ga ta can a layi na uku, tambaye ta."