Kabewar da Ta Haura Katanga

A Kwanar Gawo akwai wani Tunau, yana zaune da mahaifiyarsa Inna Yalwa, wadda ciwo ya kwantar tun bazara. Tunau ba shi da mugunta, amma in ka ce masa zauna, to sai ka tuna ka dawo ka ce tashi. Wansa Shekarau kuwa tun rigimar gado ya ja katanga ya raba gidan biyu, ko gaisuwa ya daina. Abin da ke cin ran tsohuwa ke nan, kada ta mutu bai leƙo ta ba.

Wata rana ta ce wa Tunau ya kula da ɗan lambunta kamar yadda yake kula da ita. Da yamma ya ga ganyayen gyaɗa sun naɗe, ya ce sanyi suke ji, ya yaye bargon jikinta ya lulluɓa musu. Tarinta ya ƙaru.

Wata rana ta ce duk abin da ya sunkuya ya tokare shi da kara, ita tumatir take nufi. Tunau ya lura gyaɗa in ta gama fure sai ta cusa 'yan tsinkayenta cikin ƙasa. Tausayi ya kama shi, ya bi ya zaro su ya ɗaure a kara, yana gaya musu lokacin binnewa bai yi ba. Ko ƙwaya ba a samu ba. Inna ba ta yi faɗa ba, ta dai juya fuska bango.

Wata rana kabewa ta bar duk filin da ke gabanta ta haura katanga. Tunau ya juyo da kanta, ta sake komawa, ga shi Inna ta hana a yanke ta. Sai Shekarau ya ɗaga murya daga can:

"Kada in sake ganin kabewar nan a kan katangata!"

Tunau ya yi ta tunani, abin da bai saba ba. Ya ɗauko diga ya cire katangar daga ƙarƙashin kabewar. Da ma katangar ta sha ruwan damina, ba ta yi gardama ba.

Shekarau ya fito da sanda a fusace, sai ya hango wata 'yar tsohuwa kwance a tabarma, ta rame har bai gane ta ba. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, don ɗan fari ne. Amma ranar ta kama sunan.

"Shekarau, ka ci abinci?"

Ya yar da sandar ya tsallako. A makon ta rasu, kanta a cinyarsa.