Kabewar Malam Hambali

Duk Malumfashi, in ana zancen cika baki, Malam Hambali ake fara ambata, sai an huta kafin a nemo na biyu. Tsohon direban tanka ne. A faɗarsa, birki ya taɓa tsinke masa a gangaren Jos, ya buɗe ƙofa ya tsayar da motar da diddige. Mutane sun saba. In ya fara, sai kowa ya gyara zama a bar shi ya gaji don kansa.

Ana nan sai kaba ta kama shi, aka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Da za a sallame shi, likita ya ja masa kunne: ban da ɗaukar nauyi, ban da sunkuyo, ko buta ce in ta cika a ɗaukar masa. Malam Hambali ya ce to. A hanyar gida, duk ramin da mota ta faɗa sai ya damƙe hannun matarsa Tabawa ya yi kalmar shahada.

Da masu dubiya suka fara zuwa, sai labari ya sauya. Ya ce allurar barci ƙin kama shi ta yi, aka ƙara, aka kuma, har aka haƙura. Idonsa biyu aka yanka shi. Shi ne ma ya ga hannun likita na rawa, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, aiki ne ƙarami. Masu dubiya suka yi ta cewa Allah ya ƙara sauƙi.

A bayan gidan akwai ɗan lambu. Tabawa ce ta shuka shi tun farkon damina: alayyafo, kuɓewa, yakuwa, ga kabewa da ta yi yaɗo a gindin katanga. Malam Hambali bai san hanyar wurin ba sai da zaman ɗaki ya ishe shi. Aka kai masa kujera da filo gindin gwanda, nan yake wuni. Aikinsa korar kaji, shi ma da baki. Wani lokaci ya nuna wa Tabawa ciyawa da sanda ya ce a cire. Ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi.

Amma da zarar ya ji sallama a zaure, sai ya shafa ƙasa a gaban rigarsa, ya yayyafa ruwan buta a goshi, ya ɗauki fartanya ya fito yana takawa a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai. Ya ba baƙi haƙuri, ya ce aiki ne ya riƙe shi. Zama ba nasa ba ne. Wai washegarin dawowarsa, da ɗanyen ɗinki a cikinsa, ya kafce lambun nan kaf.

Cikin masu zuwa akwai Ɗan'azumi tela, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yara. Mutum ne da ba ya dariya. In zai tsokane ka, fuskarsa kamar mai ta'aziyya. Ya saurari labarin kaftu har ƙarshe, sannan ya tambaya ko lambun ya yi abin kirki.

Malam Hambali ya ce, "Akwai wata kabewa. Ƙarti biyu sai sun yi bisimilla kafin su ɗaga ta."

Ɗan'azumi ya ce madalla, ai irin wannan ba a bari sai an je an gaishe ta. Ran Juma'a in an sauko masallaci zai taho da 'yan majalisarsu ta hira.

Suna fita Malam Hambali ya lallaɓa lambu ya ɗaga ganyen da sanda. Babbar cikin kabewar Tabawa ba ta wuce lemon zaƙi ba. Ya sa aka ƙara mata taki. Ya sa aka ƙara mata ruwa, alhali ga damina. Ya matso da kujera ya tsura mata ido. Kabewa tana nan yadda take.

Ran Laraba Tabawa ta tafi suna, sai ga mai baro yana tallar kabewa a layin. Malam Hambali ya leƙa ya yafuto shi. Ya zaɓi uwar cikinsu, wata jibgegiya kamar tulu, ya ce a tura ta har bayan gida. Aka girke ta tsakiyar yaɗo, aka soka igiyar kabewar Tabawa a ƙarƙashinta, aka ja ganye aka rufe gefe. Mai baro ya tambaya ko nan za a dafa ta. Aka ce masa ya kama gabansa.

Da Tabawa ta dawo ta shiga tsinko yakuwa, ta daɗe ba ta fito ba. Malam Hambali na tsakar gida yana jira. Can ta fito ta ce, "Malam, lambu ya yi albarka yau."

Ya ce, "Taki ne."

Ta ce, "Haka ne." Ta wuce madafi.

Juma'a ta zo, 'yan majalisa suka cika zaure. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, miya ta yi kauri ta yi ja. Aka ci aka suɗe hannu, har mai gidan ya nemi ƙari. Daga nan Tabawa ta shige madafi, aka yi wa baƙi iso zuwa lambu, Malam Hambali a gaba da sandarsa.

Kabewa kam ta cika ido. Aka kewaye ta ana masha Allah. Malam Hambali ya dafa ƙugu ya shiga bayani. Ya ce irin daga Kamaru ya taho da shi zamanin yana tuƙi. Ya ce har ƙarar girmanta yana ji in wuri ya yi shiru. Wani dattijo, Malam Ilu, ya ce bari su gwada ɗagawa a ga nauyin. Malam Hambali ya tare shi da sanda, ya ce ba ta gama nuna ba, in aka motsa ta igiyar za ta tsinke.

Ɗan'azumi ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, a bar ta. Da ma so ya yi a nuna musu inda ta kama igiyar, amma ba komai, bai kamata a sa majinyaci sunkuyo ba.

Kalmar majinyaci ta soki Malam Hambali har ƙashi. Ya ce wa ake kira majinyaci? Ya jefar da sanda. Ya tattare riga. Ya buɗa ƙafa ya sunkuya da ƙarfi, wai zai ɗaga ganye ya nuna.

Wani abu ya ce zuuu a ƙasan cibiyarsa.

"Wayyo Allah! Tabawa! Ɗinkin ya farke! Tabawa, na mutu!"

Kaji suka watse, akuyar maƙwabta ta amsa. Malam Hambali ya ƙame a ruku'u, ya kasa miƙewa, ya kasa zama, sai kiran Tabawa yake. Jama'a suka yi kansa. Garin sauri ƙafar Malam Ilu ta daki kabewa, ita kuwa ta kama hanya. Gungurun-gungurun, ta take alayyafo, ta ratsa kuɓewa, ta je ta daki katanga, tim, ta juya ta tsaya. Ko zare bai biyo ta ba. Gefen da ke ƙasa ya dawo sama, ga wani ƙaton yanka na wuƙa, jawur, har ana hango 'ya'yan ciki.

Aka zaunar da Malam Hambali kan kujera, aka ɗaga riga aka duba. Ɗinki lafiya lau, ko filasta bai motsa ba. Ba mai kallon kowa, duk katanga ake kallo.

Daga madafi Tabawa ta yi gyaran murya ta ce, "Malam, na ga da ma tsinkakkiya ce, shi ne na yanki ta miyar baƙi. Amma na mayar da ita yadda ka ajiye."

Ɗan'azumi ya taka har gindin katanga ya tsuguna. Ya auna yankan da yatsa, irin na tela. Ya dawo ya leƙa filastan Malam Hambali, shi ma ya auna. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Ya ce, "Ashe ita ma an yi mata aiki. Nata ya fi naka faɗi, ko ɗinki ba a yi mata ba. Kuma ba mu ji ta kira Tabawa ba."