Cokalin Shayi da Bindigar Surukina

Ina sabon ango, na tabbatar wa surukina cewa sake cika kwanson harsashi wasa ne ga makanike irina. Da cokalin shayi na auna albarushi, na tula kamar sukari, don gidanmu ba a rowa.

Muka fita farautar zomo bayan Jidda, ya miƙo min bindigarsa, na saka harsashin da na cika, na harba. Zomo ya wuce abinsa. Kwanso ya kumbura ya maƙale, sakatar bindigar ta ƙi buɗuwa. Na yi mata maganin gareji da guduma, hannunta ya ɓalle.

Surukina ya dube ni, ya ce da Larabci, "Halas," wato shi ke nan.

Har yau in an kawo shayi a unguwar Hindawiyya, sai ka ji an ce, "Ku ɓoye cokali, injiniya ya iso."