Bindigar da Ta Ƙi Kallon Sama

Yau jikokina suna harbe-harbe a waya ba su san yadda ake haɗa wasan ba. A zamaninmu, in kana son wasa a kwamfuta, kai za ka rubuta abinka. Abin da ya faru da ni a Haɗeja cikin shekarun casa'in kuwa, ko na so mantawa ba za a bar ni ba.

Na dawo daga karatu a Bulgeriya da tsohuwar kwamfuta da sabon girman kai. Ina koyar da lissafi a wata sakandare, ina roƙon shugabanmu, Mista Danladi mutumin Filato, ya ba ni ɗakin koyar da kwamfuta. Ya ce sai ya ga amfaninta.

Sai na rubuta wasa: maharbi a fadama, tsuntsayen kirinjijiya na shawagi, ga saniya a dama tana kiwo (don ado kawai). Wahalar ita ce harsashin bindigar toka ba ya tafiya layi ɗaya, bazuwa yake kamar bakin mazurari. Mako biyu na yi kafin kowace ƙwaya ta zaɓi hanyarta cikin mazurarin. Abin da na manta: in bindiga ta juya, dole mazurarin ma ya juya; nawa kuwa ya kafe yana kallon dama. Ni kuwa kullum ɓangaren dama nake gwada harbi, tun kafin na zana saniyar.

Ranar nuni malamai suka cika ofis. Na yi jawabi da Turanci, na yayyafa Larabci (har da Bulgeriyanci, Allah Ya yafe mini). Mista Danladi ya kira Baba Maina mai gadi, tsohon maharbi, ya ce Baban ne zai gwada.

Baba ya ɗaga bindiga sama, ya saita tsuntsu, ya danna. Saniya ta faɗi.

"Sake, Baba," na ce, gumi na keto mini.

Ya juya hagu. Saniya ta sake faɗi.

"Malam," in ji shi, "shekara arba'in ina harbi ban taɓa shiga rigimar Fulani ba. Sai yau, a ofis."

Mista Danladi ya yi dariya har da hawaye, ya ba ni ɗakin, wai ko don a ceci shanu.

Gyaran layi ɗaya ne a rubutun wasan. Tun daga ranar, ba na nuna aikina sai wanda bai san inda nake so ya danna ba ya fara taɓa shi.