Yadda Za Ka Shekara Uku Kana Zana Allon Hawan Igiyar Ruwa Ba Ka Jiƙa Ƙafa Ba

Ka zo wurin da ya dace. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shekara uku cur a bakin tekun garin Cox's Bazar ana kiran ka Ustad, wato gwanin gwanaye, ana miƙo maka shayi da hannu biyu, alhali ko idon sawunka ruwan gishiri bai taɓa ba. Ni Delwar na gwada, ya yi aiki. Inda ya ɓaci ma zan nuna maka, don ka kauce.

Mataki na 1: Ka samu abin da kake ɓoyewa

Ba a shiga wannan sana'a haka siddan. Nawa dalilin ga shi: wata safiya da damina igiyar ruwa ta karya allona gida biyu, ta danne ni a ƙasa har na gama kalmar shahada na sake farawa. Masunta ne suka jawo ni ta gashi. Tun daga ranar, da ruwa ya kai mini gwiwa sai numfashina ya ɗauke. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Amma ni na koya wa rabin matasan bakin tekun nan tsayuwa a kan allo, kuma ranar da suka gane, sunan Ustad ya tafi, ni kuwa ba ni da wani.

Saboda haka ka haddace wannan jimla, ka riƙa faɗin ta kana kallon nesa: "Allon da ya dace da ni ne babu. Sai na ƙera nawa."

Mataki na 2: Ka yi hattara da masu kirki

Wata baƙuwa da na taɓa koya wa hawa ta ji maganar, ta aiko mini da dunƙulen farin soso mai tauri, irin wanda ake sassaƙa allo da shi. Tsawonsa ƙafa bakwai, guda ɗaya tak. Jama'a suka yi ta murna, ban da ni.

Kada ka firgita. Ka jingine shi a bayan ƙofa, ka ce ba a yanka soso sai an fitar da zanen gefensa daidai, kuma kai ba irin masu zane da gawayi ba ne. Sai ka sauke manhajar zane ta kyauta a tsohuwar kwamfutarka. Kyauta ce, ba ta ƙarewa, ba ta tambayar yaushe za ka gama. Ban taɓa samun abokiyar sirri irinta ba.

Mataki na 3: Ka zana rabi

Ja layi miƙaƙƙe, shi ne tsakiyar allo. Saka ɗigo a hanci, ɗigo a ciki inda ya fi faɗi, ɗigo a wutsiya, ka haɗa su da lanƙwasa. Gefe ɗaya kawai ake zanawa, sannan a kifa shi ya ba da ɗaya gefen. Aikin minti ashirin ne. Wannan sirri ne tsakanina da kai.

Mataki na 4: Ka riƙa matsar da ɗigo

Kowane ɗigo yana da ƙahoni biyu, in ka ja ɗaya sai layin ya karkata. Ka ja da safe, ka mayar da yamma. Ka ajiye zanen da sabon suna. Nawa ya kai "na ƙarshe na gaskiya 61".

Wajibi ne a gan ka kana yi. Ni a rumfar Absar mai shayi nake zama, fuskar kwamfuta tana kallon hanya, ina tsuke baki ina gyaɗa kai.

"Ustad, jiya ba a nan ɗigon yake ba?" in ji Absar.

"Ya matsa rabin inci."

"Zuwa ina?"

"Kai dai zuba shayi. In na yi maka bayani kanka zai yi ciwo."

"Wallahi kuwa. Shekara biyu kenan yana ciwo."

Mai hikima ba ya jayayya da mai shayi. Shi ke ganin kowa tun kafin a wanke fuska.

Mataki na 5: Ka yi wa kwamfuta ƙarya

Faɗin allo da nauyin mai shi ake fitar da shi. Ka sa nauyinka na ranar aure. Kwamfuta ba ta ganin tumbi, ba ta san adadin faranti na shinkafa da busasshen kifi da suka wuce ta wurin ba. Tunda allon ba zai taɓa ruwa ba, me zai hana ya zama na siririn mutum?

Mataki na 6: Kada ka buga shi a takarda

A nan na faɗi. Wata rana ƙorafi ya yi yawa, sai na je shagon buga takardu na fitar da rabin zanen a girmansa na gaskiya, shafi goma sha shida. Na zaga da su bakin teku a hammata, na dawo gida na jefa su a kan gado.

Na manta wadda nake aure. Morjina tela ce, shekara ashirin tana kan keken ɗinki. Na shigo na tarar ta manne shafukan a ƙasa, ta tsaya a kansu da igiyar awo a wuya.

"Baban Tumpa, wannan ne abin da kake yi shekara uku?"

"Ki bar shi, aikin lissafi ne."

"Ƙafar wando ce. A ninke yadi biyu, a ɗora, a yanka. Kullum sai na yi guda shida kafin azahar."

Na yi mata bayani mai tsawo a kan yadda ruwa ke bin gefen allo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abinci na sanyi.

Mataki na 7: Kada ka yi tafiya

Na je garin Teknaf gaida tsohuwata, kwana takwas. Da na dawo, bayan ƙofa babu komai. Allon yana tsakar gida a kan benci biyu, an sassaƙe shi, an shafe shi da abin hana ruwa shiga, yana sheƙi. Morjina ce ta ɗora takardar a kan soson ta zana da allin ɗinki, ta kai wa Kawu Sirajul mai gyaran jiragen masunta, ya ƙarasa sauran.

Na ɗauko igiyar awo don in samo aibu. Na samu kuwa.

"Maman Tumpa, an ɓata shi. Ya fi zanena faɗi da inci biyu."

"Ni na ƙara."

"Da izinin wa?"

"Da izinin da nake ƙara wa rigunanka inci biyu duk sallah ba ka sani ba." Ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Na san ba allo ne ya hana ka ba. Ina jin ka in ka yi mafarkin ruwan nan. Ka shiga ko kada ka shiga, ni duk ɗaya ne a wurina, mijina nake so da rai. Amma na gaji da ganin ka zaune kana gadin ƙarya kamar mai gadin shago."

Kunya ta kama ni, da wani sauƙi da ban san inda zan ajiye shi ba.

Mataki na 8: In ya kai ga haka

Kawu Sirajul ba ya riƙe magana, saboda haka ranar Juma'a da safe kowa yana bakin teku. Na shiga. Ruwa ya kai gwiwa, numfashi ya ɗauke yadda ya saba, na tsaya har ya dawo. Na kai ƙugu. Ban wuce inda masu koyo ke tsayawa ba. Wata 'yar igiya da ta riga ta fashe ta zo, na kwanta a kan allon, na yunƙura zan miƙe, ƙafafuna suka ƙi. Haka ta kawo ni har kan yashi rub da ciki, na ƙanƙame gefe biyu, a gaban duk wanda na taɓa yi wa tsawa ya miƙe tsaye.

Absar ne ya tausaya mini, ya miƙo mini hanyar fita.

"Ustad, zanen ne bai yi ba ko? Sai an matsar da ɗigo."

Ka karɓa. Wannan ita ce shawarata ta ƙarshe: ka ce e, ka sayi wata shekara uku. Ni dai na tofar da yashi na ce, "Allon lafiyarsa ƙalau. Ni ne nake tsoro." Sannan na ja shi na koma cikin ruwan.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka, ko kunya, ko yashi a hanci, ko tela a gida. Kada ka kawo ƙara rumfar Absar, ba a samun marubucin a can da safe yanzu. In ka matsu, ka duba inda ruwa ke kai ƙugu, cikin masu koyo. Kada ka tambayi Ustad, ba wanda zai gane. Ka ce Delwar.